Salanieta ta yi cinikin lissafin likita

Akwai wata mai sayar da ƙaguwa a kasuwarmu ta Labasa, ana ce mata Salanieta. Ta rasa ranar aikin tiyatar da ta yi wata bakwai tana jira, amma ta tsira da cikinta. Teburinta na kusa da nawa, kuma shekara ɗaya muka binne mazajenmu, don haka ba ji na yi ba.

Ƙari ne ya fito mata a ciki. Likita Naidu ya tambaye ta shekarunta, ciwon sukari, da tabar da take naɗawa. Ta faɗi gaskiya. Ya danna na'urarsa ya ce, "Mama, cikin mata ɗari irinki, talatin ɗinkinsu kan ruɓe bayan aiki."

"Talatin? Rage dai, ɗana."

"Ba ni na sa ba, jikinki ne."

Ta dawo kasuwa tana huci. "Farashin farko ya yanka min, ƙawata. So yake in tsorata in bar layi, ya cusa wata gwaggonsa."

Ni ma na zarge shi. Wa ya taɓa faɗin gaskiya a tayin farko?

Sai ta koma ranar da ba ya nan, ta sami wata sabuwar likita. Taba? Ko warinta ba ta so. Sukari? Sai na shayi. Lissafi ya faɗo shida. Ta zo tana rangaji, wai ta karya farashi.

Na ce, "Salanieta, in kin ɓoye ƙaguwa marar tsoka a ƙasan ɗauri, mai saye ke kuka. A wannan cinikin, wa zai kai ta gida in ba ke ba?"

"Baƙin ciki kike yi, tsohuwar banza."

Ranar aiki na raka ta, an sa mata rigar asibiti, sai ga Likita Naidu da takardar sabuwar likitar a hannu. Ya karanta, ya dubi yatsunta da taba ta rina.

"Wannan matar ta takarda lafiyarta lau, yau ma sai in yi mata. Tana ina?"

Salanieta ta ce, "Kai dai ba ka son a yi min."

"Ranar taki ce, Mama, ba mai karɓe ta. Amma ni da yamma gida zan tafi in ci rogona. Ke za ki kwana da ɗinkin."

Duk zamanmu ban taɓa jin an rufe mata baki ba sai ran nan.

Can ta ce, "To me ke rage talatin ɗin?"

"Sati takwas ba taba, ki sha maganin sukari kullum."

"Huɗu."

"Takwas."

"Shida, in haɗa maka da ƙaguwa."

Ya yi dariya. "Kawo ƙaguwar. Takwas."

Ta sa ya rubuta sabuwar rana da hannunsa, ta kira mai jinya ta karanta mata sau biyu, don kada a yi mata wayo. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta zube tabar a teburinsa.

"Sati takwas. Na saya. Amma ko kwana ɗaya ba zan ƙara maka ba."

Darasi: Wanda ya ɓoye wa likita gaskiya, kansa ya sayar wa ruɓaɓɓen kaya. Ku tura wa mai taurin kai na gidanku kafin a sa masa rana.