Royce a Gefen Dama

Akwai wani mutum a wajenmu nan Oklahoma, sunansa Royce Tackett, sana'arsa kayar da shanu a rodiyo, wato gasar makiyaya masu dawakai. Ka saki doki da gudu, ka diro a kan ƙahon bijimin sa, ka murɗe shi ƙasa. Wanda ya fi sauri shi ne gwani.

Royce ya tsufa a wannan fage, amma bai taɓa ɗaura kan bel ɗin zinariya da ake bai wa zakaran shekara ba. Kullum na biyu, kullum na uku, abin tausayi wallahi. Gwiwarsa ta hagu ta riga ta gama aiki, likita ya ce masa bana ce ta ƙarshe.

Shi wannan wasa ba a yinsa mutum ɗaya. Dole wani mahayi ya bi san ta gefen dama ya hana shi karkacewa. Mai tsaron gefe muke ce masa. In ya yi sanyi ko na ƙiftawar ido, sa ya kauce, kai kuma ka rungumi ƙasa, babu alƙalin da zai iya cewa da gangan ne.

To a shekarar akwai wani yaro ɗan Texas, Kolby Dunagan. Ƙarfi kamar me, amma bakinsa ba linzami. In ya ga Royce yana naɗe gwiwa sai ya ce, "Tsoho, yau ma ka zo? A kawo maka kujera ne ko sanda?"

Royce sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da naɗinsa.

Ranar ƙarshe ta babbar gasa, Royce ya kayar da sansa da saurin da bai taɓa yi ba. Ya zama shi ne kan gaba. Saura mutum ɗaya tak, Kolby. In Kolby ya kuskure, zinariya ta Royce ce.

Sai ga matsala. Yayan Kolby, wanda shi ke tsare masa gefe, ya faɗi a nasa zagayen, kafaɗa ta goce, aka fita da shi. Kolby ya bi mahaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce dokinsa ya gaji, wancan ya duƙa yana gyaran sirdin da lafiyarsa ƙalau. Duk ya taɓa zaginsu, ai ba su manta ba.

A ƙarshe ya tsaya gaban Royce, ya kasa ɗaga ido.

"Na san ba ni da bakin roƙonka," in ji shi.

"Ba ka da shi kam," Royce ya ce. "Je ka hau dokinka."

Darlene, matar Royce, ta riƙo hannun rigarsa ta tsakanin shinge. "Royce, ka san me kake yi? Shekara nawa ina bin ka da ƙanƙara ina ɗora wa gwiwar nan? Wani ya tsare masa mana."

"Babu wani, Darlene. Kuma in na ci saboda yaron nan ya rasa mai tsaya masa, kan bel ɗin zai riƙa cizona a ciki."

Ta sake shi, tana hawaye.

Aka buɗe ƙofa. San nan kuwa mugu ne, yana fita ya karkata dama, yana neman tserewa. Abin da Royce zai yi kawai shi ne ya bar shi. Ba wanda zai zarge shi. Amma sai ya tura dokinsa ya haɗa jiki da san, gwiwar nan mai ciwo ta daki haƙarƙarinsa, ya mayar da shi kan layi. Kolby ya diro, ya murɗe, sa ya kwanta.

Kolby ya fi Royce sauri da ɗan abin da bai kai numfashi ba. Shi ke nan, zinariya ta tafi Texas.

Ni dai a wurin na ji kamar in yi kuka. Sai da mutum biyu suka sauko da Royce daga doki.

Al'adarmu ce zakara ya zaga fili shi kaɗai, jama'a na tafi. Aka kira sunan Kolby, shiru. Aka sake kira. Ashe yana bayan shinge, ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji.

"Baba Royce," ya ce, "ba zan shiga filin nan ba sai da kai a damana."

"Yaro, ƙafata ba ta hawa."

"Ni zan ɗora ka."

Ya kuwa ɗora shi da hannunsa. Suka shiga tare, Royce a gefen dama inda ya saba. Mai sanarwa ya faɗi abin da ya faru, fili gaba ɗaya ya miƙe tsaye, mazaje suna cire malafa. Darlene ce ta fi kowa tafi, ko hawayen ba ta share ba.

Royce bai sake shiga gasa ba, kuma har yau kan bel ɗinsa na ƙarfe ne. Amma duk yaron da zai fara kayar da sa a yankinmu, ubansa wurin Royce yake kai shi.

Darasi: Amanar da ba mai ganin ka in ka ci ta, ita ce ke nuna ko kai wane ne. Riƙe ta ko da za ta raba ka da abin da ka daɗe kana nema. Ku tura wa wanda kuka san ya taɓa tsaya muku a gefe.