Filastar Idon Raihana

Akwai wani malami a Taura, Malam Ɗayyabu, mai makarantar allo a zaurensa. Ilimi kam akwai shi, sai dai ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ko akuyar maƙwabta ce ta yi tari, Malam yana da bayani.

Jikarsa Raihana, 'yar shekara shida, ita ce sanyin idonsa. Sai aka lura in tana karatu takan karkata kai, tana bin allo da idon dama kaɗai. Mahaifiyarta Safina ta kai ta asibiti a Dutse. Aka ce idon hagu ya yi kasala, ƙwaƙwalwa ta daina aiki da shi, in kuwa ba a tashe shi tun tana ƙarama ba, haka zai zauna har ta tsufa.

Aka yi dace ana gwajin wata sabuwar hanyar magani. Duk Laraba yarinya za ta sa wani tabarau ta yi wasa a kwamfuta, wasan da ba ya yiwuwa sai ido biyu sun haɗa kai. A gida kuma a manna filasta a ido mai lafiya, awa biyu kullum.

Malam ya ji, ya girgiza kai. Ciwo a hagu, a rufe dama? Ya ce wannan sai 'yan boko. Da Safina ta tafi aiki, sai ya cire filastar a hankali ya mayar kan idon hagu. Raihana ta ji daɗi, shi ma ya ji daɗi.

Wata biyu, awon ganin idon hagu bai motsa ba. Nas ɗin da ke kula da yaran, Chundung, 'yar Filato, ta hango ragowar danƙon filasta a girar hagu. Ta tambayi Raihana, yarinyar ta ce Kaka ne yake gyara mata.

Aka roƙi Malam ya zo. Ya iso da babbar riga da hujjojinsa a shirye. Chundung ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba Malam, in yara biyu suna karatu a allo ɗaya, mai ƙoƙarin kullum shi ke amsawa, ɗayan yana fakewa a bayansa, yaya kuke yi?"

"Sai in aiki mai ƙoƙarin ɗebo ruwa, in zauna da ɗayan."

"To, idon daman muka aika ɗebo ruwa."

Malam ya ce, "'Yata, wannan kam ban sani ba." Mai Keke Napep ɗin da ya kawo shi ya ji da kunnensa, har yau yana ba da labarin.

Washegari aka mayar da filasta idon dama, Raihana ta yi ta kuka, wai ba ta gani, yara kuma za su yi mata dariya. Malam ya ɗauki filasta ya manna a nasa idon, ya zaunar da ita kusa da shi a zaure. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi masa sannu. Wata huɗu suna haka.

Ran nan carbinsa ya tsinke, ya yi ta fama da zare da allura. Raihana, filasta a idon dama, ta karɓa ta zura.

"Kaka, kai ma idonka kasala yake yi?"

Idon da Malam bai rufe ba ya cika da hawaye.

Darasi: Tausayin da ba ya tambaya yana iya cutar da wanda ake so. Cewa "ban sani ba" ba ta rage girman babba. In yaronku yana karkata kai wajen karatu, ku kai shi a duba idonsa da wuri. Ku tura wa iyaye, musamman gidan da ke da kaka masanin komai.