Dawar da Ta Ƙi Nutsewa

Akwai wani gari da yunwa ta taɓa koya wa hankali. Bayan wata shekarar fari da aka binne mutane da yawa, waɗanda suka ragu suka gina babban rumbu a tsakiyar gari. Suka ɗauki alkawari cewa kowace kaka, kowane magidanci zai kai mudu ɗaya cikin goma na dawarsa. In bazara ta yi tsanani, a ɗebar wa gwauraye da marayu da marasa lafiya. In ruwa ya sauka kuma, a raba iri ga duk wanda nasa ya ƙare. Suka naɗa wani mutum ma'aji, suka danƙa masa tsanin hawa rumbun. Amma da yake su ba wawaye ba ne, sai suka ce kowace unguwa ta zaɓi dattijo guda, su biyar ke nan, su riƙa zuwa kowace shekara kafin damina su duba rumbun da idonsu, su tambayi ma'aji abin da ya shiga da inda ya tafi, sa'an nan su koma su faɗa wa waɗanda suka aike su.

Aka yi shekaru ana haka, har ranar dubawa ta koma ranar biki. Ma'ajin nan mutum ne mai fara'a, ya kuma san ciki. Kafin dattawa su iso ya shimfiɗa tabarmi a inuwa, an yanka rago, an tuƙa tuwo, man shanu yana yawo a kan miya. Sai sun ci sun yi gyatsa zai hau tsani da kansa, ya ɗebo ƙwarya guda daga bakin rumbu. Su miƙa wa juna ita, kowa ya shafa dawar ya ce madalla. Al'adar ƙasar kuwa ita ce, wanda ya sa hannu a akushinka ba ya ɗaga maka murya a ranar. Ba wanda ya kai ma'ajin sanin wannan al'ada.

Cikin dattawan akwai wani manomi, ana ce da shi Dogara, wakilin unguwar tudu, inda ƙasa ba ta da kirki kuma iri yakan ƙare wa mutane da wuri. Shi ba mai rigima ba ne. Shekara uku yana zuwa dubawa, shekara uku yana cin tuwon nan, kuma in za a faɗi gaskiya, bai taɓa barin saura ba. Ga shi yana fama da ciwon baya, noma da hannu ya gagare shi. Kowace damina ma'aji ne yake ba shi aron shanun huɗa, bai taɓa karɓar ko anini ba.

Ana saura kwana biyu a je dubawa, sai wata gwauruwa daga unguwarsa mai suna Laraba ta yi sallama a ƙofarsa da safe. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zanenta, ta zuba masa dawa a tafin hannu.

Ta ce, "Baba Dogara, ba roƙo na zo ba. Ga rabon da aka ba ni daga rumbun gari. Murza ka gani."

Ya murza, dawar ta zama ƙura. Ya duba sauran, kowace ƙwaya da hudar ƙwaro a jikinta.

Ta ce, "Na tuƙa, yara suka ƙi ci don ɗaci. Wannan ba komai, ciki ya saba. Amma ruwa ya kusa, Baba. In wannan ne irin da za a ba mu, me za mu shuka? Ku da kuke zuwa dubawa, me kuke dubawa ne?"

Kunya ta kama Dogara, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba tun yana yaro. Bayan ta tafi ya zauna yana lissafa gidajen unguwarsu da suke jiran iri daga rumbun nan, ya kai arba'in. Ya san in aka shuka wannan, ba abin da zai tsiro, kuma kafin a gane, damina ta yi nisa. Sai kuma ya tuna da shanun huɗa, ya tuna da bayansa. Kada kowa ya ce bai ji tsoro ba, ya ji ƙwarai. Duk da haka ya ƙulle dawar a tsumma, ya sa a aljihu.

Ranar dubawa aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum, aka jera akusa, ƙamshi ya cika wurin. Aka kawo ƙwaryar ruwan wanke hannu, aka fara daga babbansu, Baba Tanimu, ana zagayowa. Da ta zo gaban Dogara, bai sa hannu ba. Ya fito da tsumman nan, ya kwance, ya juye dawar a cikin ruwan. Kowane manomi ya san dawa mai kyau nutsewa take yi. Wannan kuwa ta taso duka, tana yawo a kan ruwa kamar ƙaiƙayi.

Dogara ya ce, "Ma'aji, ranka ya daɗe, wannan shi ne rabon da aka ba gwauruwa a unguwarmu. Ina so in ji bayani."

Ma'aji ya yi murmushi, ya ce, "Haba, Malam Dogara. Wa ya san inda ta samo wannan? Ba daga rumbuna ba ne."

Dogara ya ce, "Rumbunka? Yaushe ya zama naka?"

Baba Tanimu ya gyara murya. Shi dai idonsa yana kan cinyar rago. Ya ce, "Dogara, a ci abinci tukuna, tuwo yana hucewa. Ba a ƙin abincin mutum a gabansa, ka sani. In mun gama, sai a yi magana a tsanake."

Dogara ya amsa ya ce, "Baba, in mun gama, wa zai iya magana? Ni ba cin tuwo aka aiko ni ba. Akwai tuwo a gidana."

Ma'aji ya matso kusa da shi, ya sassauta murya yadda yake tsammani sauran ba za su ji ba, ko da yake duk sun ji. Ya ce, "Ɗan'uwana, damina ta kusa, na kuma ga bayan nan naka bai warke ba. Shanuna suna nan suna jiranka. Me ya kawo wannan tsakaninmu?"

Dogara ya ji maganar har cikin ƙashin bayansa, gama ya san gaskiya ce. Duk da haka ya ce, "Riƙe shanunka. Ba ni tsani."

Ma'aji ya ce doka ba ta yarda kowa ya hau rumbu ba sai ma'aji. Dogara ya juya ya tambayi dattawan wanda ya kafa wannan doka, da ranar da gari ya zauna ya yarda da ita. Suka yi ta kallon juna, ba wanda ya tuna, domin ma'ajin ne ya kafa abarsa wata shekara, su kuwa bakinsu yana cike da nama ba su ce komai ba. Sai Dogara ya tashi, ya je ya ɗauko tsanin da kansa, ya jingina. Ya hau a hankali, yana cije baki a kowane mataki saboda ciwo. Ya ɗage murfin, ya ga dawa ja wur, cike har baki, gwanin sha'awa. Ya zura hannu har gwiwar hannu, dawa ce mai kyau. Ya ƙara turawa har kafaɗa, sai ya ji laushi da ɗumi. Da ya zaro hannun, ga shi fari fat da ƙura, ƙwari suna hawa har wuyansa. Ya dumbuzo, ya watso a kan tabarma gaban dattawa, wasu ƙwarin har cikin miya.

Ashe shekara da shekaru ma'aji yana sayar wa fatake sabuwar dawa, ya sayo ruɓaɓɓiya da araha ya cika rumbu, ya rufe sama da mai kyau kamu guda. Nan take dattawan nan huɗu suka miƙe suna zaginsa, har Baba Tanimu ya fi kowa ɗaga murya. Ma'aji ya ga asiri ya riga ya tonu, ba sauran abin ɓoyewa, sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ku dakata da zagin. Ragon da kuke ci kowace shekara, daga ina kuke tsammani yake fitowa? Akwai wanda ya taɓa tambayata a cikinku?"

Dogara yana can kan tsani, ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Ni ma na ci, shekara uku, zan kuma faɗa da bakina a gaban jama'a. Amma yau ban ci ba. A je a kira gari."

Gari ya taru tun rana ba ta faɗi ba. Aka karɓe tsani daga hannun ma'aji, aka sayar da shanunsa aka sayo iri. Dattawan biyar, har da Dogara, aka sa kowa ya kawo daga rumbun gidansa, gama su ma sun ci. Da wannan da ɗan mai kyau da ke sama aka haɗa aka raba. Bai wadata sosai ba, amma da ruwa ya sauka bayan mako uku, ba gidan da ya shuka ƙura. Dogara kuwa ba wanda ya ba shi ko goro. Da fartanya ya yi noman wannan shekara, rabin gonarsa ya kwanta a ciyawa, Baba Tanimu kuma bai ƙara amsa gaisuwarsa ba har ya mutu.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Rumbun shi ne dukiyar ƙasa, wadda kowannenku yake zuba wa gumi, ko ya sani ko bai sani ba. Ma'aji shi ne duk wanda aka ba riƙon gwamnati, babba ko ƙarami. An ba shi tsani, amma ba a ba shi rumbu ba. Dattawan nan biyar su ne waɗanda kuka tsaya cikin rana kuka zaɓa, kuka aika majalisa. Aikinsu ke nan su kira mai riƙon dukiya ya tsaya a gabansu ya amsa: an ce an ware wa asibiti kaza, ina maganin? An ce an ciyar da marasa ƙarfi, su wane ne, a wace unguwa? Takarda mai kyau ita ce ƙwaryar da ake ɗebowa daga sama. Wakilin da ya shafa ta ya ce madalla, bai zura hannu har kafaɗa ba, ya ci amanar gwauruwa, ko da bai saci ƙwaya ɗaya ba.

Na san za a ce mini mai bi ya yi shiru, ya yi addu'a, ya girmama na gaba. Ina girmama su, ina kuma yi musu addu'a kowace Lahadi kuna ji. Amma ban yarda Ubangiji ya ba mu baki don mu ce amin kaɗai ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Shugaba mai gaskiya ba ya tsoron a leƙa rumbu, shi ne ma zai riƙe maka tsani. Kada kuma ku yi ta gyaɗa kai kuna tunanin na birni kawai, gama kwamitin ikilisiyar nan tamu ma yana da nasa rumbun, ni kuwa da nake tsaye a gabanku ban fi ƙarfin a tambaye ni ba.

Hakika gaskiya tana da tsada, ba kuwa zan ruɗe ku in ce wanda ya tsaya a kanta ana biyansa a nan duniya ba. Amma Allah, wanda shi ne mai tsaron gwauraye da marayu, yana ganin ƙasan kowane rumbu, zai kuma tambayi mai sata da wanda aka aika ya hana sata a rana ɗaya. Saboda haka in wakilinku ya zo gida lokacin Kirsimeti da buhun shinkafa da turmin atamfa, ku ba shi kujera, ku ba shi ruwa ya sha. Sa'an nan ɗayanku ya miƙe a gaban kowa, ko da muryarsa tana rawa, ya ce masa: mun ga abin da ka kawo, ranka ya daɗe. Yanzu faɗa mana wace tambaya ka yi a madadinmu bana, kuma wa ya amsa maka.