Tsanin Alhaji Maikano

Sunan garin ya kuɓuce mini, amma ban manta Lauya Lantana ba, mai tsaya wa leburori kyauta a kotu. Wani magini, Tanimu, ya faɗo daga tsanin Alhaji Maikano ya karye a ƙugu, Alhaji kuwa ya rantse tsaninsa lafiya lau.

Alƙali, abokin cin tuwon Alhaji, ya ce, "Babu diyya sai Alhaji ya aibata tsanin da bakinsa."

Lantana ta sa aka jingina tsanin a bangon kotu. "Ranka ya daɗe, tunda lafiyarsa lau, Alhaji ya hau mu gani."

Alhaji ya dubi tsanin, ya dubi tumbinsa. "Ke 'yar nan, wannan ruɓaɓɓen? So kike ki kashe ni?"

Ta ce, "A rubuta, ranka ya daɗe."

Daga baya na tambayi ƙanin Tanimu, ya tabbatar mini an biya diyyar.