Marigayin da Aka Ba Aji Ranar Litinin

Ya 'yan uwa, a wane mataki ne son gyara yake juyewa ya koma son a yaba? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

An yi wani mutum, shugaban wata jami'a, mai himmar gaske. Shi ya raba ofisoshi da tulin fayil, ya sa aka zuba komai a kwamfuta: rajista, sakamako, jadawalin darussa. Ɗalibai suka huta da bin layi. Burinsa ya ga sunan jami'arsa ya yi sama a jerin jami'o'in duniya.

Masu tsara jerin kuwa suna auna yawan malamai da yawan ɗalibai. Nasa malaman ba su kai ba. Sai ya kira mai kula da kwamfutocin, ya ce kada a goge sunan duk malamin da ya bar aiki ko ya rasu.

"Ranka ya daɗe, har matattu?"

"Ai su ne ba sa yajin aiki," in ji shi, yana dariya.

Ya manta na'ura ba ta san makoki ba. Duk sunan da ta gani sai ta ba shi aji, ta tura masa saƙo. Kowace Lahadi, wayar wani farfesa da ya shekara biyu a kabari takan yi ƙara a hannun matarsa: gobe kana da darasi ƙarfe goma, ɗaki na bakwai.

Sau uku matar ta zo ofishin shugaban, sau uku ya sa aka ce mata yana taro. Tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai gabansa ya faɗi.

Wata Litinin masu tantancewa daga wajen masu tsara jerin suka zo, suna bin azuzuwa da jadawali a hannu, shi yana biye. A ɗaki na bakwai suka tarar da dattijuwar zaune a kujerar malami. Ta gaji da jira a ofis, ta amsa kiran da kanta.

"Mai darasin ba zai samu zuwa ba," ta ce. "Ni ce matarsa."

Aka bincika, aka sami sunaye talatin da ɗaya na malaman da babu su. Aka cire jami'ar daga jerin, aka sauke shugaban.

To ga abin mamaki. Ranar da ya miƙa makullin ofis, ji ya yi kamar an ɗauke masa dutse daga ƙirji. Ya koma gida ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Ya 'yan uwa, ƙarya kaya ce, mai ita take fara dannewa. Tonon asiri a duniya rahama ne ga mai rabo, don har yanzu ƙofar tuba a buɗe take. Allah ya tsare mu da neman ɗaukaka ta hanyar ha'inci, ya sa mu farga tun muna numfashi.

Washegarin ranar da ya miƙa makullin, ya nemi kwatancen gidan matar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tsaya yana jira a ba shi izini.