Saniyar da Jafaru Ya Bayar Kyauta

Akwai wani saurayi ɗan unguwarmu nan Dakoro, sunanshi Jafaru. Wayyo jama'a, jiya jiya ya sauka! Yau ina dawowa daga lakwal, wato makaranta, ko kayan ban tuɓe ba na zauna rubuta muku, don shi da bakinshi ya ce a ba kowa labarin.

Jafaru ya daɗe a Beljik, can Turai, shina aiki a wani babban sito inda ake ɗora kaya a mota. Gidansu rabi noma ne rabi kiwo. Wanshi Mijinyawa na sayar da hatsi a kasuwa, kakarsu Inna Aisa kuma ita ke da ido kan shanun gida.

Cikin shanun akwai wata ja mai dogon ƙaho, Woɗe. Kakar Woɗe ce anka ba Jafaru ran sunanshi. Kun san yadda abin yake wurin masu kiwo, wagga saniya kamar cibiyar mutum ce. Ko daga can ya kira, kahin ya tambayi mutane sai ya tambayi Woɗe.

Wata ranar kasuwa sai ga saƙon murya ya shigo salular Mijinyawa. Jafaru ne, muryarshi a kwance, shina cewa: "Yaya, na ba ka Woɗe kyauta, duniya da lahira. Babur ɗina a ba liman. Ka ce ma kowa ya yahe mini."

Mijinyawa ya shigo gida baki har kunne. "Kun ji ƙanena! Turai ta karɓe shi. Wanda ya samu ne ke kyautar saniya." Mata sunka yi guɗa, maƙwabta sunka shigo barka, har wani dillali ya leƙo ya fara taya Woɗe.

Inna Aisa na zaune tana ɓarar gujiya. Ta ce, "Sake sa mini shi in ji."

Ya sake sawa. Ta ture tiren gujiyar gefe.

"Kira mini shi yanzu."

"Haba Inna, shina wurin aiki."

"Mijinyawa, tun ina yarinya nike bin shanu daga Birnin Lalle har gaba da Azagor. Na ga wanda ya sayar da saniyar sunanshi don yunwa, shina kuka. Na ga wanda ya ba da ita habbanaye. Amma mai rai da lahiya ya ba da ita kyauta, ya haɗa da neman gafara? Sai wanda ke shirin tahiya. Kira shi."

Habbanaye, ga waɗanda ba su sani ba, aron saniya ne. Ka ba mutum ya riƙe, in ta haihu ɗan nashi ne, uwar kuma ta koma hannun mai ita.

Mijinyawa ya kira shina gunaguni. Sai da ta yi ta ƙara kahin Jafaru ya ɗauka.

"Angona, ina wuni?" in ji Inna Aisa. Haka take ce mishi tun shina rarrafe.

"Lahiya lau, Inna."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina sanyi? Ina aiki?"

"Alhamdu lillahi. Lahiya lau."

"To madalla. Mun gama gaisuwa. Yanzu faɗa mini gaskiya. Jafaru, tunanin kashe kanka kake yi?"

Mijinyawa ya zabura. "Subhanallahi! Inna, wace irin magana ce wagga?"

Ta ɗaga mishi hannu. Da farko sunka zaci rezo ne ya ɗauke, layin ya yanke. Sai sunka ji numfashi, sai kuka. Ƙato guda shina kuka kamar yaron goye.

"E, Inna. Na gaji. Ba ni barci, abinci ba ya shiga. In hita da duhu, in dawo da duhu, in rufe ɗaki ba wanda zai ce mini sannu. In salula ta yi ƙara na san buƙata ce. In na ce ban da lahiya sai a yi dariya a ce mi ke damun mutumin Turai."

Mijinyawa ya sunkuyar da kai, don shi ne mai yawan faɗin haka. Amma dai bakinshi bai haƙura ba. Ya ce a hankali, "Ya dage da addu'a mana. Wanga ai raunin imani ne."

Inna Aisa ta juyo. "Bara da ciwon suga ya kayar da kai tsakiyar kasuwa, raunin imani ne? Mun yi addu'a, mun kuma kai ka asibiti wurin lokotoro. Wanga ma ciwo ne. Tashi ka nemo mini wanda ke kusa da shi a ƙasar can."

Nan fa Mijinyawa ya tuna da wani Buzu na Azagor da ke sayen gero wurinshi. Ɗanshi Attaher ma a Beljik yake. Ya bar ma Inna salularshi, ya ruga kasuwa ba ko hula, ya samo tsohon a wajen 'yan awaki. Da salular tsohon sunka kira Attaher.

Attaher bai san Jafaru ba, ko a hanya bai taɓa ganinshi ba. Ya ce kawai, "Ku ba ni sunan garin da lambar gidan." Ya bar shayinshi kan wuta ya tahi ya hau jirgin ƙasa.

Ita kuwa Inna Aisa ba ta ajiye salula ba. Ba ta yi mishi wa'azi ba, ba ta ce ya ji kunya ba. Ta ce, "Faɗi, ina ji." In ya yi shiru sai ta ɗauko labarin shanu, wace ta haifi wace, wace ta taɓa tunkuyin kawunshi ya faɗa kwatami. Batiri ya yi ƙasa, maƙwabciya ta jawo wayar wuta daga ɗakinta anka jona, tsohuwa ta koma bakin ƙofar mutane ta zauna kan turmi tana ta magana.

Can ta ce, "Kuma ka ji, kyautar nan taka ba mu karɓa ba."

"Inna, na riga na bayar."

"Ni ce babba a garken ga. Woɗe na da ciki. Mijinyawa zai riƙe ta habbanaye. In ta haihu ɗan nashi ne, uwar kuma sai an damƙa igiyarta a hannun mai ita. Ba aike, ba wakili. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya yi wata 'yar dariya cikin kuka. "Ke tsohuwar ga kin cika rigima."

"Da rigimar ka aure ni."

Suna cikin haka sunka ji bugun ƙofa ta cikin salula, da wata murya: "Salamu alaikum, ɗan Dakoro! Buɗe, sanyinku zai kashe Buzu!"

Wallahi matan da ke tsakar gida sai da sunka yi kuka.

Attaher bai bar shi shi kaɗai ba. Ranar ya raka shi wurin lokotoro, daga nan ya kwashe shi ya kai shi ɗakinshi. Lokotoro ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma ana warkewa. Anka ba shi magani, anka haɗa shi da wata mata da aikinta ke nan, ta zauna da mutum ya amayar da abin da ke cinshi.

Kada ku zaci washegari ya miƙe garau. A'a! Abin ya ɗauki watanni. Wani lokacin ya yi dariya, wani lokacin a kira ya ƙi ɗauka, sai Attaher ya tahi ya zauna kusa da shi ya dafa shayi, ko ba a yi magana ba.

A gida kuma Inna Aisa ta kafa doka. Kullum da la'asar sakaliya, in shanu sun dawo, a kira Jafaru. Kuma duk wanda ya roƙe shi ko da kuɗin goro ne, ita da shi.

Kun san wa ya hi kowa riƙe dokar? Mijinyawa! Mutumin da bai iya rufe shago ko ana ruwa, sai ga shi shina rufewa da wuri, ya zo ya tsaya cikin kashin shanu da babbar riga, ya miƙa salula bakin Woɗe don ƙanenshi ya ji kukanta. Rannan Woɗe ta zaro harshe ta lashe salular tas, daga ƙasa har sama. Mijinyawa na ihu, Jafaru na can shina dariya har da tari. Inna Aisa ta ce tun da ya tahi ba ta ji wagga dariyar ba.

Rannan ne Mijinyawa ya koma bayan danga da salular ya ce, "Ƙanena, ni ya kamata in nemi gafara. Kullum ina tambayar abin da ka aiko, ban taɓa tambayar yadda ka kwana ba."

Da damina Woɗe ta haihu. Maraƙi ja, sak uwar. Inna Aisa ta sa anka kira. "Ango, amana ta cika. Zo ka ɗauki kayanka, tana cinye mana dusa."

Sai da Jafaru ya jira konje ɗinshi, wato hutun aiki. To jiya muna dawowa daga lakwal sai munka ga kar, babbar motar Maraɗi, ta tsaya, mutane na gudu. Jafaru ne! Ya yi ƙiba, da wata jibgegiyar rigar sanyi a hannu cikin wanga zafi, ga wani dogon Buzu a bayanshi, Attaher ke nan, shina ta gaisawa da kowa kamar garinsu. Mu ma munka bi ayari da jakunkunanmu.

Inna Aisa ba ta taso ba. Tana zaune gindin turke, riƙe da igiya. Ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga ƙaton wa ya kawo mini shi? Nawa angon siriri ne."

Ya durƙusa gabanta. Ta kama hannunshi ta buɗe, ta sa igiyar, ta dunƙule mishi yatsu da hannuwanta biyu. Woɗe ta sunkuyo ta shinshina wuyanshi. Guɗa ta tashi har sai da awakin maƙwabta sunka watse.

Da hayaniya ta lafa Jafaru ya ce ma mutane, "Har yanzu ina shan magani, kuma ba ni jin kunyar faɗi. Zan koma bakin aikina. Amma yanzu muna da fada a can, duk lahadi muna shan shayi ɗakin Attaher, kuma wanda bai zo ba sai mun je mun buga mishi ƙofa."

Sai ya juya ya miƙa ma Attaher igiyar. "Ka kai ta Azagor wurin tsohonka."

Inna Aisa ta miƙe zumbur, gwiwar ma ta manta tana ciwo. "Kai! Kyauta ko mi?"

"Habbanaye, tsohuwa. In ta haihu zan zo da ƙafata in amshi abata."

Ta koma ta zauna. "To. Yanzu a kawo mishi hura."

Darasi: 'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje ba duka ne ke cikin daɗi ba, kuma "lahiya lau" a gaisuwa ba ta nuna abin da ke cikin zuciya. Ku riƙa kiransu ba don buƙata ba. In kunka ga mutum ya janye daga mutane, ko shina rabar da abin da ya hi so shina neman gafara, ku tambaye shi kai tsaye, ku saurare shi ba gori, kada ku bar shi shi kaɗai, ku haɗa addu'a da zuwa wurin lokotoro. In kuma kai ne ke cikin wanga hali, don Allah faɗa ma wani yau, ciwo ne kuma ana warkewa. Ku tura labarin ga duk gurup ɗin da kuke, sannan ku ɗauki salula ku kira naku na nesa.