Kurege da Tambarin Tsohuwar Fada

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wai Sarki Zaki ne ya gina sabon gida a bayan gari, sai ya ce a buɗe tsohuwar fadar kakanninsa, kowa ya shiga ya sha kallo. Kurege kuwa yana neman Bushiya da aure, ita kuma ba abin da take so a jikinsa kamar wutsiyarsa. Sai ya taje wutsiyar nan, ya je ya ce, "Ƙanwata, zo in kai ki ki ga inda sarakuna suka kwana."

Ta ce, "Kai ka taɓa shiga ne?"

Ya ce, "Kakana ya taɓa leƙawa ta ramin katanga. Kusan gidanmu ne."

Suka tafi. Mai zagayawa da baƙi wani tsohon Kunkuru ne, tafiya a hankali, magana a hankali. Ya nuna musu soron shari'a, ya nuna musu rijiyar da sarakuna suka sha. Kurege sai tambaya yake yi. "Baba, wa ya hau can sama ya yi zanen nan? Baba, a ina suke ɓoye gyaɗarsu?"

Suna tafe, suna tafe, har suka shiga wani ɗaki mai sanyi. Ga wani tambari nan a tsaye, ya fi turmi girma, fatarsa na sheƙi. Hancin Kurege ya motsa.

"Baba, me ke ƙamshi haka?"

Kunkuru ya ce, "Man shanu ne da zuma, da su ake shafe fatar don kada ta tsage. Wannan ba a buga shi sai ranar da aka naɗa sarki. Wanda ya buga shi haka kawai, da wutsiyarsa zai biya."

Aka wuce gaba. Ƙafafun Kurege na gaba, hancinsa na baya. Ya ce wa Bushiya ƙaya ta soke shi, bari ya cire. Ya sulale ya koma, ya ɗare kan tambari. Ya ce lasa ɗaya kawai zai yi, don ya ji ko zumar sarakuna daban take da ta talakawa. Ya lasa, ya ji daban take. Ya sake lasa don ya tabbatar. Santsi ya kwashe shi, ya faɗi: dum. Ya miƙe, santsi ya sake kwashe shi: dum, dum. Yana ta ƙoƙarin gudu, tambari na ta amsawa.

Gari ya ɗauka an yi sabon sarki. 'Yan kasuwa suka watsar da kaya, mata suka fara guɗa. Sai ga Zaki da kansa, rawani a karkace, bakinsa da sauran tuwo.

Ya ce, "Ina da rai, wa aka naɗa?"

Dogarai suka zaƙulo Kurege, jikinsa sharkaf da mai. Aka kawo wuƙa. Bushiya ta dunƙule don kada ta gani, amma ta bar ido ɗaya a waje.

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yanke. Sai dai ina da tambaya ga Baba. Baba, tambarin nan ya taɓa yin ƙarya?"

Kunkuru ya ce, "Tun kakannin kakanni, bai taɓa ba."

"To yau ya ce an naɗa sarki, gari duka ya ji. In an yanke wutsiyata aka watse, ya zama maƙaryaci. Ranar da ɗanka zai hau gado, ranka ya daɗe, wa zai yarda da shi?"

Zaki ya haɗiye tuwonsa. Ya ce, "To ya za a yi?"

Kurege ya ce, "A naɗa wani, ko ɗan ƙarami ne. Wanda bai da nauyi a kan taska. Wanda yake kusa."

Zaki ya dube shi, ya yi dariya har rawani ya ƙarasa faɗuwa. Ya ce, "Na naɗa ka Sarkin Shafa. Kowace Juma'a kai za ka shafe tambarin nan da mai da zuma. Amma kafin ka shiga ɗakin, a ɗaure maka baki da igiya."

Aka yi guɗa. Kurege ya shafa wutsiyarsa, tana nan, amma idonsa ya cika da ƙwalla.

Kunkuru ya ce, "Wa zai riƙa ɗaurin?"

Bushiya ta warware ta ce, "Ni. Matar sarki ai ita ta san bakin mijinta."

A hanyar gida ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Hannuna ba ƙarfi. In na ɗaura, harshe na iya fitowa kaɗan."

Kurunkus, kan kusu ya shige tulu. Darasinta kuwa: in za ka je kallon kayan sarakuna, ka ci abinci a gida, in kuma ba za ka ci ba, ka tafi da mai sonka.